Filasko a Bakin Tekun Fasha: Tarihin Wankin Ciki a Doha

Dattawan Doha da suka yi ƙuruciya kafin kuɗin man fetur su cika gari suna da wata safiya da har yau in an ambace ta sai sun yatsine fuska. Tun da daddare uwa ko kaka za ta jiƙa busasshen ganye a tukunya ta rufe. Da asuba a ɗora a wuta, a tace, a tara yaran gida tun ba su sa komai a baki ba. Wanda ya shanye da lalama ya huta. Mai gardama kuwa a danne shi, a toshe masa hanci, a yi masa ɗure. Ranar babu mai yin nisa da gida, domin kafin rana ta karkata an fara zarya zuwa bayan gida, manya da yara.

Ganyen sunansa ishrij a bakin mutanen gaɓar Tekun Fasha, haɗin da ake yi da shi kuma hulul. Bahaushen da aka nuna wa tsiron a dajin Katar ba zai nemi tafinta ba: filasko ne, mai furanni ruwan ɗorawa da 'ya'ya a cikin lanƙwasasshen kwanso, wanda ke fitowa a saurukan Katsina da Maraɗi ba tare da kowa ya shuka shi ba. Masana tsirrai suna kiransa Senna italica. Yana da ɗan uwa mai siririn ganye wanda ya fi shi ƙarfi, Senna alexandrina, wato sanamakin da alhazai ke ƙullowa cikin tsarabar Makka tare da dabino da habbatus sauda. A kasuwar Doha sunan ishrij yakan hau kan kowanne daga cikinsu.

Dole mutanen wannan ƙasa su damu da cikinsu. Katar zirin ƙasa ce da ya kutsa cikin teku, ta maƙale da Saudiyya ta kudu, ba kogi, ba tafki, kuma ruwan saman da take samu a shekara yawanci bai kai milimita 100 ba. Rijiyoyin kusa da teku ruwansu zartsi ne. Ruwan daɗi sai an yi takakka zuwa rijiyoyin bayan gari, ko a saya a hannun 'yan garuwa. Injin tace ruwan teku bai iso Doha ba sai farkon shekarun 1950. Ganyen miya da kayan lambu kaɗan ne, 'ya'yan itace in ka cire dabino sai wanda jirgi ya kawo. Abincin yau da gobe farar shinkafa ce daga Indiya, da kifi, ɗanye ko busasshe, da dabino, da gahawa. Ga zafin da ke matse gumi daga jikin mutum tun daga Mayu har Oktoba. Duk wanda ya haɗa ƙarancin ruwa da ƙarancin ganye ya san abin da zai biyo baya.

Teku ta ƙara tsananta lamarin. Wani jami'in mulkin Ingila a Indiya, John Gordon Lorimer, ya tattara bayanan garuruwan Tekun Fasha a wani babban kundi da ɓangarensa na ƙasa da jama'a ya fito a 1908. A lissafinsa Doha na da mutane wajen 12,000 da jiragen farautar lu'ulu'u 350, Katar baki ɗaya kuma tana da irin waɗannan jirage 817 da ma'aikata kusan 13,000. Ke nan da wuya a sami gidan da ba shi da namiji a teku. Babbar kakar nutso takan ɗauki kimanin wata huɗu, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Mai nutso yakan matse hancinsa da wani ɗan maƙali, ya taka dutsen da aka ɗaure da igiya ya nutse, ya tsinci kawa na kimanin minti guda, ya ja igiya abokin aikinsa ya fizgo shi sama. Haka zai yi ta yi daga hantsi zuwa faɗuwar rana. Cikakken ciki ba ya nutso, don haka kalacinsa 'yan ƙwayoyin dabino ne da kurɓin gahawa, abinci mai nauyi sai bayan magariba: shinkafa da kifi, wani lokaci shinkafar da aka dafa da zumar dabino. Ruwan sha a gwargwado ake ba da shi daga tankin katako. Da yawa daga cikin masu nutson bayi ne da aka kawo daga gabashin Afirka, ko 'ya'yansu, kuma ba a haramta bauta a Katar ba sai 1952. Gidan Bin Jalmud da ke unguwar Mushairib, wanda aka mayar gidan tarihi a 2015, labarinsu yake bayarwa.

A irin wannan jirgi babu likita sai abin da nahuda, wato shugaban jirgin, ya tanada a akwatinsa: ƙullin ganyayyaki, da ƙarfen lalas da ake sawa a wuta a ɗosana wa mai ciwo. Ishrij na cikin ƙullin.

Wanda ke sayar da ƙullin a gari shi ake kira hawwaj. Aikinsa ya haɗa na ɗan koli da na mai maganin gargajiya: yana sayar da kayan yaji da turare da lalle, yana kuma sauraron kukan mai ciwo ya auna masa abin da zai jiƙa. Sana'ar gado ce mafi yawa, kuma rumfarsa ƙaramar taswira ce ta cinikin Tekun Indiya. Jiragen katako masu filafilai sukan bi iskar damina da ta rani zuwa Bombay da gaɓar Malabar, su dawo da citta da kurkum da barkono baƙi da halilaj, wani busasshen ɗan itace mai bauri da ake sawa a haɗin wankin ciki. Daga Iran, wadda ke tsallaken ruwa, ake samun busasshen furen wardi da hiltit mai wari. Lubban daga Zufar ta ƙasar Oman. Busasshen lemun tsami, wanda suke kira lumi, daga Oman yake fitowa ya bi ta Basra, har wasu na jingina sunansa ga Basra ɗin. Daga Baharain kuma ake kawo kwalaben ruwan tsirrai da aka turara aka tatsa, irin su ruwan hudar dabino da margadush da zamuta, wannan na ƙarshen sananne ne wajen iskar ciki. Kuɗin cinikin ma na Indiya ne: rupi aka yi ta kashewa a Doha har zuwa 1966.

Abin lura a ilimin hawwaj shi ne bai taɓa ɗaukar kumburin ciki da taurin bayan gida a matsayin ciwo ɗaya ba. Wanda ya zo yana cewa cikinsa ya kabe, yana gyatsa, iska ta ƙi fita, za a ba shi yansun ko shammar ko kamun, ko na'a-na'a, ko a ce ya farfasa lumi ya cire 'ya'yan ya tafasa ya sha bayan cin abinci. Waɗannan ba su da ƙa'idar rana. Kowa na iya sha kullum, kuma rabinsu ma a tukunyar miya suke. Har gahawar da ake zuba wa baƙo, da yawan hel ɗin da ke cikinta, tana cikin wannan layi. Makiyayan daji kuma suna da ja'ad, wani ɗan tsiro mai toka-toka da ɗacin gaske, da shihi, dangin tazargade.

Wankin ciki daban ne, kuma yana da doka. Hulul ba ganye ɗaya ba ne. Kowane gida da nasa hannun, amma yawanci akan haɗa ishrij da halilaj da busasshen wardi da shammar ko za'atar, wani lokaci da lumi. Ba don ƙamshi kawai ake zuba waɗannan ba. Filasko zalla yana murɗa ciki, kayan ƙamshin su ke rage murɗar. Akan zaɓi ranar da ba aiki, a sha a wofin ciki, a bi da romo ko wani abu marar nauyi in ciki ya lafa, sannan a ajiye tukunyar sai bayan makonni ko watanni, sau da yawa a canjin yanayi. Ba a bai wa mai tsohon ciki ko wanda ciwo ya rafkar. Gwargwadon ganyen kuma yana hannun tsohuwa ɗaya da ta san jikin kowa a gidan.

Wannan tsari yana da littattafai a bayansa. Likitancin da Larabawa suka gada daga Jalinus na Girka, wanda Ibn Sina ya tsara a littafinsa Alƙanun, yana ganin lafiya a daidaituwar ruwayen jiki huɗu, kuma in ɗaya ya yi yawa sai a fitar da shi ta ƙaho ko amai ko zawo. Masu tarihin haɗa magunguna a Turai suna danganta shigar sanamaki cikin rubutaccen likitanci ga Yuhanna bn Masawaih, likitan fadar Bagadaza da ya rasu a 857. Daga baya ganyen ya riƙa gangarowa ta kogin Nilu daga Sudan zuwa tashar Iskandariyya, inda Turawa ke saye, abin da ya sa suka laƙaba masa sunan birnin. Ga Musulmi kuwa akwai abin da ya fi wannan nauyi. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi Asma'u bint Umais abin da take wanke ciki da shi, ta ambaci shubrum, ya nuna mata zafinsa, ta koma ga sana, wato sanamaki, ya yabe shi. Malaman hadisi sun tattauna kan ƙarfin isnadin, amma ruwayar ta shiga littattafan likitancin Annabi, musamman na Ibn Ƙayyim wanda ya rasu a 1350, ta kuma bi su duk inda suka je.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka je Sakkwato ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bar rubuce-rubuce da dama kan magani, ciki har da wata risala sukutum a kan tausasa ciki da sanamaki, mai suna Alƙaulus Sana, da wata a kan maganin basir. Shugaban daula mai yaƙe-yaƙe da ribaɗoɗi a gabansa ya ga cewa bayan gidan talakawansa ya cancanci alƙalami da tawada, wannan kaɗai ya isa nuna girman matsalar. Yankinmu ma ba saye kawai yake yi ba. Ayarin raƙuma sun daɗe suna ɗaukar ganyen sana daga duwatsun Azbin zuwa Tarabulus, daga can ya haye zuwa kantunan magani na Turai. Malamin Sakkwato da hawwaj na Doha ba su san juna ba, amma littafi ɗaya suke karantawa, tsiro ɗaya kuma suke tsinka.

Sai duniyar lu'ulu'u ta rushe. Japanawa, ƙarƙashin jagorancin Kokichi Mikimoto, sun gano yadda ake noman lu'ulu'u a cikin kawa, tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, masu saye suka ɗauke ƙafa. Shekarun 1930 da na 1940 na yunwa ne a Katar, dubbai suka yi ƙaura. An sami man fetur a Dukhan a 1939, amma yaƙin duniya ya tsayar da aikin, jirgin farko na ɗanyen mai bai tashi ba sai ƙarshen 1949. Kafin nan mai ciwon da ya fi ƙarfin hawwaj da wanzami sai ya hau jirgi zuwa asibitin mishan na Amurkawa a Baharain, mai hali kuma ya wuce Bombay. A zamanin Shaihu Abdullahi bn Jasim aka buɗe ɗan ƙaramin asibiti na farko a Doha a 1947. Asibitin Rumaila ya biyo baya a 1957, aka kafa hukumar asibitocin Hamad a 1979, babban asibitin Hamad ya fara aiki a 1982. Cikin rayuwar mutum ɗaya gari ya tashi daga ƙarfen lalas zuwa ɗakin tiyata na zamani, kuma kyauta ga ɗan ƙasa.

Ranar hulul ta mutu a hankali, ba tare da wata doka ta kashe ta ba. Yara sun shiga makarantar boko, ƙwaya da sirop sun zo daga kemis. Ga jarirai kuwa kwalbar Woodward's ta Ingila, wadda aka fara haɗawa a 1851 kuma iyaye mata a Kano suka san ta sarai, ta maye gurbin jiƙon yansun a gidaje da yawa, duk da cewa abin da ke cikinta man wani tsiro ne dangin shammar da ɗan sinadari irin na kanwa.

Kasuwar da hawwajai suka fi zama, Suk Wakif, ta kusa bin sahu. Ta samo asali ne a bakin kwarin Mushairib, inda makiyaya ke kawo dabbobi da man shanu da ulu su yi musaya da kayan jirgi. Da manyan kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki suka bayyana, sai jama'a suka juya mata baya, ta lalace, kuma a 2003 gobara ta cinye wani babban sashe nata. Sarki na lokacin, Shaihu Hamad bn Khalifa, ya sa aka sake gina ta bisa tsohon fasali ƙarƙashin kulawar mai zane ɗan ƙasar, Muhammad Ali Abdullah: bangon yaɓe, rufin azara da gora, lunguna matsattsu. An kammala wajen 2008. Wasu na sukar ta da cewa tsufan nata na kwalliya ne don masu yawon buɗe ido, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma layin kayan yaji ba wasan kwaikwayo ba ne. Buhunan sanamaki da hulba da yansun da baƙin lumi suna nan a jere, dattawan 'yan dako na tura baro a bayan matan gari, mai shago kuma, wanda sau da yawa asalinsa Iran ne ko Indiya, yana auna wa Basudane da Banufen Najeriya da ɗan Kerala kowa abin da ya saba da shi a gida. A ƙasar da 'yan asalinta kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai na mazauna, kowace al'umma ta zo da nata maganin ciki. Da Ramadan ya gabato cinikin yakan ninka, don wanda ya yini bai sha ruwa ba ya buɗe baki da harisa da soye-soye ya san inda zai nufa.

Ciwon bai tafi ba, dalilinsa ne ya juye. Kakanni yunwa da ƙishirwa suka busar musu da hanji, jikoki kuwa ƙoshi da zama. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kimanin kashi 41 cikin 100 na manyan 'yan Katar suna da ƙibar da ta wuce kima. Farar shinkafa da nama, burodi, lemun kwalba, mota daga ƙofa zuwa ƙofa.

Kimiyya ta tabbatar wa tsofaffin matan Doha da rabin maganarsu. A cikin ganyen akwai sinadaran da ake kira senosaid. Suna wuce tumbi da ƙaramin hanji ba tare da sun narke ba, sai a babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su farfasa su. Abin da ya fito shi ke zaburar da bangon hanji ya yi ta matsawa, ya kuma hana shi tsotse ruwa. Shi ya sa ƙwayar da aka sha da daddare take aiki da safe, bayan awa 6 zuwa 12. Sana na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, likitoci na rubuta shi kullum, musamman ga masu shan magungunan kashe raɗaɗi masu ɗaure ciki. Jami'ar Katar ma ta rubuta tsirran ƙasar: Kamal Batanouny ya fitar da littafinsa a 1981, Rizk da El-Ghazaly suka fitar da nasu kan tsirran magani da masu guba a 1995.

Ɗaya rabin maganar, wato cewa lafiyayyen yaro na bukatar a wanke masa dattin ciki lokaci-lokaci, ba ta da madogara. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ganyen, kada babba ya wuce mako guda yana sha, kada mai juna biyu ta sha, haka wanda cikinsa ke ciwo ba a san dalili ba. Duk da haka, in za a yi adalci, ɗuren kaka bai kai abin da ake yi yanzu haɗari ba. Nata rana ɗaya ne, da ganyen da take gani da idonta. Yau ganyen nan ne aka niƙe aka zuba a 'yan jakunkunan shayi masu hoton siririyar mace, ana tallarsa a Instagram da TikTok da sunan rage tumbi ko fitar da guba, ana sha safe da yamma wata da watanni. Ba ya rage ƙiba, domin kafin abinci ya kai inda yake aiki jiki ya riga ya kwashe abin da zai kwasa. Ruwa ne ke zuba, tare da gishirin fotasiyam da zuciya ke bukata don bugawa daidai. Wannan ne ya sa a 2020 Ingila ta rage girman fakitin irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a kantuna. Kumburin ciki kuwa, in ba taurin bayan gida ne ya kawo shi ba, sanamaki ƙara shi yake yi. Bambancin da hawwaj ya riƙe tsakanin maganin iska da maganin zawo shi ne abin da masu tallar zamani suka share, don kwali ɗaya mai maganin komai ya fi saurin shiga.

Ja'ad ma ba a bar shi a baya ba wajen gargaɗi. Likitoci a ƙasashe da dama sun rubuta rahotannin mutanen da hantarsu ta kumbura bayan sun daɗe suna shansa, kuma Faransa ta hana sayar da wani ɗan uwansa na kusa a 1992 saboda wannan dalili. Ɗaci ba shaidar tsarki ba ne.

Hukuma a Katar ta kama wani gefe ta saki wani. Kayan ganye da aka sarrafa aka sa a kwalba ko kwali sai sun yi rajista da sashen kula da magunguna na Ma'aikatar Lafiya, kuma a 2016 aka fara bai wa masu ƙaho da wasu fannoni huɗu na madadin likitanci lasisi. Ganyen buhu dai babu takardar awo a jikinsa, a Suk Wakif ko a Kasuwar Kurmi. A nan gida lamarin ya fi sakaka, inda mota mai lasifika ke zagaya unguwa da jarkar tsimi ana rantsuwa cewa yana maganin basir da sanyi da dattin ciki a kofi ɗaya, lambar NAFDAC kuwa sai dai a ji a salansa.

Bahaushen da aiki ko karatu ko ziyara ta kai shi Doha, in ya shiga layin hawwajai, ya sayi lumi da yansun da shammar son ransa. Sanamaki kuma ya ɗauki kaɗan, ya fara da ɗan abin da yatsu uku suka tsinta, ya sha ruwa sosai, kada ya kai mako, kada ya ɗura wa yaro. In akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko yanayin fitar ya canja wa wanda ya manyanta, asibiti zai nufa. Tun 2016 cibiyoyin lafiya na matakin farko a Katar suke gayyatar maza da mata masu shekara 50 zuwa 74 gwajin sankarar hanji.